Sandunan Hagu Biyar Da Na Mayar

Kazaure,
Ranar Talata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana Abuja, ka sauka lafiya, kayanka cif. Allah Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, Ya haɗa ka da abokan zama nagari. Ummanku ta ce in tuna maka da dambun naman da ke ƙasan akwati, kada ka bar shi cikin leda ya yi gumi. To, na tuna maka. Labarin gida babu wanda zan ba ka, tunda da ƙafarka ka baro shi. Kwana huɗu na yi ina rubuta wannan, na cusa ta a aljihun jakar sandunanka, inda kake ajiye ƙwallaye, domin na san nan za ka fara buɗewa.

Ga abin da ya sa na rubuta. Ranar Juma'a muna cin abinci, kawunka Sale ya tambaye ka yadda za ka koya wa 'ya'yan manya wasan golf alhali ba ka taɓa koyar da kowa ba. Ka ce masa, "Yadda Baba ya koya mini haka zan koya musu, ba ragi ba ƙari." Kowa ya ce madalla. Banda ni. Cikin abin da na koya maka akwai kurakurai, kuma akwai wani abu guda da na yi maka wanda har yau ba ka sani ba. Na daɗe ina tsoron idan na faɗa maka kallon da kake yi mini zai canja. Amma yanzu wata uku na gwaji za a ba ka, a damƙa maka 'ya'yan mutane, kai kuma ka ɗauki hanyata kacokan ka ɗora musu. Shiruna ya tashi daga kunya ya koma cuta.

Ka san wata biyu ke nan da na karɓi takardar digirina a fannin wasanni da lafiyar jiki, ina da shekara hamsin da uku, bayan shekara biyar ina hawa mota zuwa Kano duk ƙarshen mako. Kada ka zaci takardar ce ke yi maka magana. Babban abin da na samu a can shi ne rarrabe abu uku: abin da na gani da idona, abin da aka faɗa mini, da abin da nake zato. Zan yi ƙoƙari in riƙa nuna maka wanne ne wanne.

Ni ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan wasa. Ina da shekara goma sha bakwai na bar Roni na tafi Kano, ba a daɗe da yanke Jigawa ba, na shiga ɗaukar jakar 'yan wasa a filin golf. Akwai wani tsoho mai koyarwa a wurin, Baba Audu, wanda ya yi aiki da Turawa. Kalmomi biyar yake da su, su yake maimaita wa kowa, dogo da gajere: miƙe hannun hagu, kafe dunduniya, sarƙe yatsu, kai kafaɗar hagu ƙarƙashin haɓa, kar ka ɗaga kai. Ina tsaye da jaka a kafaɗa na haddace su. Ban taɓa tambayar dalilin ko guda ba. Da na iya bugu har aka fara ba ni masu koyo, su na riƙa zazzage musu.

Ɗalibina na farko wani darakta ne a ƙaramar hukuma, mutumin Babura, Alhaji Hamisu, sa'an mahaifina. Duk Asabar yake zuwa, da kaftani da hula, domin ya ce shi ba zai sa gajeren wando ba ko da za a ba shi filin kyauta. Matsalarsa ɗaya ce, kuma tun ranar farko na gan ta: sandarsa tana dukan ƙasa kafin ta kai ga ƙwallo. Ya kan tono ƙasa kamar mai huɗa, ƙwallon ta ɗan gangara gabansa ta tsaya. Ni kuma sai in ce, madalla ranka ya daɗe, saura kaɗan. Wata goma sha tara na yi ina faɗa masa haka. Ta yaya ɗan manomi daga Roni zai dubi sa'an ubansa ya ce masa tsayuwarka ba daidai ba ce, balle ya kama masa ƙugu ya juya?

Wata rana ya buga da abokan aikinsa da suka zo daga Dutse, suka yi masa dariya tun daga rami na farko har na sha takwas. Wani ma ya ce a ba shi irin gyaɗa ya riƙa jefawa a baya, kada aikin ya tafi a banza. Da suka watse ya kira ni gindin wata darbejiya. Bai ɗaga murya ba.

"Yaro, wata goma sha tara kana ce mini saura kaɗan. Ko Makka ce a ƙafa ai da na isa."

Na sunkuyar da kai na ce girmansa nake gani. Ya ce wanzaminsa yana kama kansa ya juya shi yadda ya ga dama, tela yana zagaya masa igiyar awo a ciki, bai taɓa ce wa ɗayansu marar kunya ba, domin aikin da ya kawo musu ke nan. Ya ce girman da na ba shi ne ya kai shi ga abin dariya a gaban ƙannensa.

Saboda haka, Abba, ka durƙusa ka gaida babba yadda aka koya maka a gida, ka karɓi jakarsa, ka tambayi iyali. Amma da zarar ya tsaya a kan ƙwallo, ka faɗa masa gaskiya. Ka nemi izini sau ɗaya, ka ce ranka ya daɗe zan taɓa kafaɗarka, shi ke nan. Idan mace ce, kada ka taɓa ta. Ka nuna mata a jikinka, ko ka sa ta gicciya sanda a kafaɗunta ta juya, za ta ga abin da kake nufi da kanta.

Kada ka ce daga nan na yi hankali. Asabar ta gaba na zo da gaskiya buhu guda. Kafin ya ɗaga sanda na gaya masa abu tara da zai gyara, na ƙirga su daga baya a yatsuna. Bawan Allah ya tsaya a kan ƙwallo ya sandare, gumi yana bin gemunsa, har ƙuda ya sauka a hancinsa bai kore shi ba. Can ya ce, ba tare da ya motsa ba, wanne zai fara. Da ya kaɗa sandar, iska ya doka.

Abin da ya warkar da shi ƙarami ne, kuma bisa tsautsayi na same shi. Na gaji, na ɗauke ƙwallon, na ja layi a ƙasa da tsinke, na ce ya manta da duk abin da na faɗa, ya doki ƙasa a gaban layin kawai, ta wajen da ƙwallo za ta tafi. Ya doka a baya, ya gani da idonsa. Ya sake, ya matso. Ban ce masa ya mayar da nauyinsa kan ƙafar hagu ba, jikinsa ne ya yi haka da kansa don ya kai ga gaban layin. Asabar uku, da na mayar da ƙwallo kan layin, ta tashi sama. Ya cire hula ya bi ta da kallo.

Wannan na gani da idona, kuma na maimaita shi da mutane da yawa. Gyara ɗaya a darasi ɗaya. Kafin ka dubi jikin mutum, ka dubi inda ƙwallonsa ta nufa da tabon da sandarsa ta bari a ƙasa, su ne za su gaya maka wane gyara ne na farko. Abin da ban sani ba shi ne yadda za ka ja layi a can, tunda an ce filinku ciyawa ce shar har bakin rami. Ni duk rayuwata a fako na buga, da gutsuren kafet a hannu, bakin rami kuma yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai. Na ji wasu suna shimfiɗa tawul a bayan ƙwallo, wanda ya taɓa tawul ya san ya doka baya. Ji na yi, ban gwada ba. Ka gwada ka gaya mini. Ka kuma gaya mini yadda ƙwallo ke gudu a kan ciyawa mai raɓa, domin na daɗe ina son in sani.

Kuskure na biyu a gabanka aka yi shi, sai dai ba za ka tuna ba, kana goye. Lokacin na dawo Kazaure na kama aikin malamin wasanni, na haƙa ramuka uku a fakon da ke bayan makaranta, ta hanyar Gwiwa. Gwangwanin tumatir na binne a kowanne, bayan na auna bakinsa na tabbata ya yi kusa da inci huɗu da kwata, yadda doka ta ce. Wani makiyayi mai suna Buba, magidanci mai 'ya'ya uku, ya kan ratso da shanunsa da la'asar. Na lura idan saniya ta ware za ta shiga gonar mutane, ba ya gudu. Sai ya doki ƙodagon goruba da sandarsa, ƙodagon ya je ya faɗi gaban hancinta, ta juyo. Ba ya samun saniyar, gabanta yake saukewa.

Na miƙa masa sandar ƙarfe mai lamba bakwai. Biyun farko ya kuskure. Ta uku na bi ta da ƙafa ina ƙirgawa, taku ɗari da arba'in da uku, kuma a miƙe. Mutumin da ko sunan wasan bai sani ba. Hannayensa a rarrabe suke a kan sandar, dunduniyarsa ta hagu tana tashi, kansa yana bin ƙwallo. Duk abin da Baba Audu ya hana, shi yake yi.

Maimakon in zauna in kalle shi in gano inda ƙarfin yake fitowa, sai na ce masa jiki ya yi kyau, saura gyara. Mako uku na yi ina sarƙe masa yatsu, ina danne masa dunduniya, ina dafe masa kai da tafin hannuna. Ƙwallon da ke tashi kamar shirwa ta koma rarrafe kamar ƙadangare. Ranar ƙarshe ya goge sandar da gefen rigarsa ya miƙo mini da hannu biyu.

"Malam, dā saniya nake kallo. Yanzu ka sa ina kallon yatsuna."

Ya yi godiya, ya kora shanunsa. Da damina ta kama suka yi arewa wajen iyaka, ban sake ganinsa ba.

Maganarsa ta fi duk abin da na karanta. Mutum yana bugu da kyau idan hankalinsa yana kan wurin da yake son ƙwallo ta je. Idan ka dawo masa da hankali kan gwiwar hannunsa da yatsunsa, ka ɗaure shi. Ka ba ɗalibi abin nufa, bishiya ko tuta ko bokiti, ka bar jikinsa ya nemi hanya, sai in ya ɓata ka sa baki. Kafin darasin farko kuma ka tambaye shi abin da ya saba yi da jikinsa. Wanda ya yi faskare yana da wani abu, wanda ya yi sussuka yana da wani, mai ƙwallon ƙafa ya riga ya san juya ƙugu. Kwanan nan na zauna ina kallon Ummanku tana daka, har ta tambaye ni ko lafiya. Akwai ɗan jinkirin da taɓarya ke yi a sama kafin ta sauko, ba ta gaggawa, nauyinta ne ke kawo ta. Shekara talatin ina neman kalmar da zan bayyana wa ɗalibai wannan jinkiri a ƙarshen kai sanda baya, ashe yana tsakar gidana. Ko 'ya'yan Abuja sun taɓa ganin turmi, wannan kai za ka bincika.

Batun kar ka ɗaga kai kuwa, ka jefar da shi. A aji, wata malama da na girme ta da kusan shekara ashirin ta tsayar da ni gaban 'yan aji, ta ce in kafe haɓata wuri ɗaya in juya kafaɗuna iyakar iyawata. Ban yi nisa ba wuyana ya tsayar da ni. Ta ce in bar kan ya ɗan bi, sai ga kafaɗa ta wuce. A tsaye a wurin na tuna duk kawunan da na dafe. Wanda ya doki saman ƙwallo, yawanci gwiwoyinsa ne suka miƙe ko hannayensa suka takure, ba idonsa ne ya yi laifi ba. Sau nawa na faɗa maka wannan kalma? Ban ƙirga ba, ba kuma zan ƙirƙiro lamba ba. Da yawa dai.

Wani abu kuma kafin in manta. An ce ruwan can ya fi namu yawa, da tsawa. Idan hadari ya haɗo ka ji rugugi, ka ajiye ƙarfe ka kwashe yaran ku bar fili, ku shiga gini, ba gindin bishiya ba, ko da uban yaro yana cewa a ƙarasa. Ka sa su sha ruwa kafin su ce suna jin ƙishi. Kada ka tsayar da yaro biyu kusa da juna da sanda a hannu, taku huɗu aƙalla tsakaninsu. Kada darasi ya cinye maka la'asar.

Ka ga ina ta kewaye-kewaye. To, ga maganar.

An haife ka bahago. Wannan ka sani, domin ka sha jin labarin yadda Iya, mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, take zama kusa da kai da muciya idan an ajiye akushi, har hannun damanka ya koyi kai loma. Ba ni da ja a kan wannan. Ci da dama, miƙa abu da dama, gaisawa da dama, addini ne kuma ladabi ne, na gode mata.

Abin da ba ka sani ba ya faru kana da shekara takwas. Na kai ka fako ka gwada bugu karon farko, na ba ka wata tsohuwar lamba bakwai da na yanke ta gajarta, na juya ina gyara yashin bakin rami. Sai na ji ƙarar bugu mai tsabta a bayana. Duk wanda ya daɗe a wasan nan ya san wannan ƙara ko yana barci. Na waiwaya, na gan ka ka tsaya ta ɗaya gefen ƙwallon, ka juya kan sandar hancinta yana kallon ƙasa, kana bugawa ta hagu. Na ce ka sake. Ka buga shida, biyar suka tashi. Da sandar dama a juye, Abba, wadda manya ma sai sun yi dabara suke samun ƙwallo da ita. Kana dariya, kana ce mini in duba.

A lokacin ina zuwa Kano ranar Lahadi ina koyarwa. Akwai wani likita Ba'indiye a filin, shi ma ta hagu yake bugu. Na ba shi labarinka. Mako na gaba ya kawo mini sanduna biyar na yara, na hagu, waɗanda ɗansa ya girme su, a cikin wata jaka shuɗiya. Ya ce kyauta ne, in kawo ka wata rana ya ga bugunka. Na shigo da su gidan nan kana makaranta. Iya ta tambaye ni mene ne, na gaya mata. Ta ce shekara uku ta yi tana miƙe yaro, ni kuma na je har Kano na ɗauko ƙarfen da zai sake tanƙwara shi, me mutanen Roni za su ce. Na tura jakar ƙarƙashin gado. Kwana shida ta yi a wurin. Ranar Lahadi na mayar wa likitan, na ce masa yaron ya daina sha'awar wasan. Kai kuma da ka tambaye ni ko akwai sandar da aka yi domin irinka, na ce maka babu ita a ƙasar nan.

Shekara goma sha shida ina gaya wa kaina biyayya na yi wa mahaifiya. Ba gaskiya ba ne, ko kuma rabin gaskiya ne. Iya ba ta taɓa zuwa fako ba. Da na ajiye sandunan a ofishina na makaranta, da har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Abin da ya faru shi ne, cikin kwana shidan nan na tsaya gaban madubi na yi ƙoƙarin juya kalmomin Baba Audu. Miƙe hannun hagu ya koma miƙe hannun dama, kafaɗar hagu ta koma ta dama. Sai kaina ya kulle. Na gane ban san wasan ba, haddarsa kawai na yi, kuma hadda ba ta karantuwa daga ƙarshe zuwa farko. Na ji tsoron in tsaya gaban ɗana mai shekara takwas in rasa abin faɗa. Juya ka ya fi mini sauƙi a kan in juya kaina. Sai na laɓe bayan Iya.

Bara na tambayi limamin unguwarmu, Malam Isiyaku, ba tare da na ambaci sunanka ba, ko akwai laifi yaro ya buga ƙwallo da hagu. Ya yi dariya har ya riƙe gemu, ya ce, "Malam, sanda ai ba loma ba ce." Tambayar da ba ta ɗauke shi numfashi biyu ba. Tun kana ɗan shekara takwas yana nan, gidansa taku kaɗan ne daga namu, ban je ba, domin na san amsar da zai ba ni.

Yanzu bari in yi adalci, domin ba na so in yi maka wata ƙaryar don in wanke ta farko. Ban san ko juya ka da na yi ya rage ka ba. Wanda ya tsaya ta dama, hannunsa na hagu ne ke gaba yana jan sanda, don haka akwai bahagwai da suka yi fice suna bugu ta dama, akwai kuma masu rubutu da dama da suka yi fice ta hagu. Wannan sananne ne. Kai ma ka kai inda ni ban kai ba. Amma na tsaya a bayanka sau biyu a Kaduna, a gwajin shiga sahun ƙwararru, na ga abu ɗaya duka biyun. Idan wasa ya yi zafi, a ramukan ƙarshe, ƙwallonka tana zamewa dama, kamar hannun damanka ya makara wajen rufe fuskar sanda. Wannan na gani. Cewa hannun aro ne yake komawa halinsa idan tsoro ya zo, wannan zato ne nake yi, ba ni da hujja.

A mota muna dawowa karo na biyu, da bugu ɗaya tak ka faɗi, mun wuce Zariya ka ce mini, "Baba, ni dai ba ni da shi a jini." Ka faɗa a hankali, kana kallon taga. Na ce maka komai nufin Allah ne. Gaskiya ne, amma ba ita ce maganar da kake bukata daga gare ni ba a ranar. Na san tun daga nan ka ajiye burin wasa ka karɓi koyarwa a matsayin abin da ya rage. Ko me za ka yanke a kaina, wannan magana ka cire ta daga ranka. Ni na ga abin da ke jininka kafin in sa masa hannu.

Makonni biyu da suka wuce na yi wani abu da ban gaya wa kowa ba. Bayan la'asar, idan ɗalibai sun watse, na riƙa zuwa fako ina juya lamba bakwai ina bugu ta hagu, ƙwallo ashirin kullum, don in san abin da na sa ka a ciki. Ranar farko biyu na taɓa. Ƙafafuna ba su san wacce za ta ɗauki nauyi ba, idona yana ganin ƙwallon a inda ba ta. Ranar huɗu bayana ya riƙe, na ce wa Ummanku kujerar ofis ce. Ranar tara na yi jifa da sandar, ni da nake hana yara yin haka. Ka ga ni da son raina nake yi, ba wanda ke tsaye a kaina. Kai kuwa wata biyar ka yi kana kuskuren ƙwallo, ina dafe maka kai, ina ce maka ka mai da hankali. Ba ka taɓa jefar da sanda ba. Da ka gaji sai ka ce mini, Baba bari in gwada ta wancan gefen sau ɗaya, in ce a'a.

Shawarar da ke cikin wannan gajeriya ce. Duk yaron da aka kawo maka, kafin ka ba shi sanda, ka jefa masa ƙwallo ka ga hannun da zai cafe, ka sa ya jefo maka. Sannan ka bar shi ya buga ta gefe biyun, goma goma, ka yi shiru ka kalla. Idan ta hagu ce, ka nemo masa sandarsa ko a ina take. Idan uwarsa ko kakarsa ta yi magana, ka gaishe ta da ladabi ka yi mata bayani. Idan kuma kai ne ka rasa yadda za ka koya masa, ka tsaya a gabansa fuska da fuska, zai zama kamar madubinka. Dabarar ke nan gaba ɗaya. A shekarar ƙarshe ta karatuna na gano ta, ban ɗauki minti biyar ba. In ma ta gagare ka, ka ce masa ban sani ba, bari mu nemo tare. Yaro ba ya raina wanda ya ce masa haka.

Saura kai. Filin da za ka je babba ne, ba za a rasa sandar hagu a ɗakin ajiyarsu ba. Ina roƙonka, ba umarni ba ne, wata safiya kafin ɗalibai su zo ka ari lamba bakwai ta hagu ka buga ƙwallo goma inda ba mai kallo. Mai yiwuwa shekara goma sha shida sun binne abin, ka kuskure duka, ka yi dariya. Mai yiwuwa kuma ka ji wannan ƙara. Ban san wanne zai fi mini ciwo ba. Ina son in sani ƙwarai, ina kuma tsoron sani. Shekararka ashirin da huɗu, ba ka tsufa da komai ba.

Ka yafe mini, Abba. Na yi maka ƙarya, na yi wa likitan ƙarya, na kuma jingina ta ga mahaifiyata alhali tsorona ne. Ba na cewa ka yafe yau. Idan ka kira waya zan tambaye ka hanya da masauki da abinci kamar yadda na saba, ba zan tayar da wannan magana ba. Kai za ka tayar da ita ranar da ka ga dama. Idan ba ka tayar ba har abada, haƙƙinka ne, zan ci gaba da ɗaukar wayarka a ƙara ta farko.

Allah Ya tsare fitarka da shigarka. Ya ba ka haƙuri da 'ya'yan mutane, Ya sa su amfana da kai. Ya buɗe maka idon da zai ga yaro yadda Ya halicce shi. Ya raba ka da ciwo da sharrin dare da na rana, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya yi maka albarka, Ya jiƙan Iya, Ya yafe mana baki ɗaya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka.